Farin Bango, Jan Matashi: Nazarin Gidan Miller na Columbus, 1953 zuwa 1957

A garin Columbus na jihar Indiyana, can tsakiyar Amurka, akwai gidan da ake sauya wa kaya idan shekara ta juya. Da sanyi ya kawo kai, sai a cire rigunan kushin da na matasai masu haske da ke wurin zama na tsakiyar falo, a sa jajaye masu cizawa. Da ganye ya tofo, rana ta fara zafi, sai jajayen su koma ma'ajiya, masu ruwan madara su dawo. Ba a taɓa bango da fenti, ba a ɗaga kujera ko ɗaya daga inda take, amma wanda ya shiga falon a Janairu ya sake dawowa a Yuli zai rantse ɗaki biyu ya gani. Wannan ɗabi'a ita ce mabuɗin gidan gaba ɗaya, kuma ita ta sa na zaɓe shi daga cikin gidajen tsakiyar ƙarni na 20 don duba yadda launi, da kaurinsa ko haskensa, ke gina yanayin ɗaki.

Mai gidan shi ne J. Irwin Miller, shugaban kamfanin Cummins mai ƙera injinan dizal, tare da matarsa Xenia. 'Ya'yansu biyar, kuma baƙi ba sa yankewa, daga 'yan kasuwa zuwa shugabannin coci. A 1953 aka soma aikin, wanda suka damƙa ga mutum uku. Eero Saarinen, haifaffen Finlan da ya girma a Amurka, shi ya zana ginin, Kevin Roche na ofishinsa yana riƙe da aikin yau da kullum. Alexander Girard ya ɗauki cikin gida. Dan Kiley ya ɗauki lambu, fili mai faɗin eka 13 da ɗoriya wanda ya gangara har bakin kogin Flatrock. An gama a 1957. Ba wannan ne karo na farko da Saarinen da Girard suka yi wa iyalin aiki ba, domin sun riga sun yi musu gidan hutu a yankin Muskoka na Kanada a farkon shekarun 1950, saboda haka kowa ya san halin kowa kafin a kafa tubali.

Matsalar da ke gabansu

Salon ginin zamani na lokacin ya zo da ƙarfe da gilashi da farin fenti, kuma ya zo da ƙorafi. Gidan Farnsworth da Mies van der Rohe ya kammala a jihar Illinois a 1951 ya burge masu zane a duniya, amma likitar da aka gina wa shi ta fito fili ta ce zama a cikinsa ba daɗi, har maganar kuɗin aikin ta kai su kotu. Akwatin gilashi yana kyau a hoto. Ga mai yara biyar a jihar da dusar ƙanƙara ke rufe ƙasa, sararin sama ya yi toka-toka na tsawon makonni, farin ɗaki mai faɗi kan iya komawa kamar ɗakin jira na asibiti.

A ɗaya gefen kuma akwai abin da talakan Amurka da masu matsakaicin hali ke yi a sabbin unguwannin bayan yaƙi. Su launi suka runguma da hannu biyu. Bayan da Mamie Eisenhower ta sa riga ruwan hoda a bikin rantsar da mijinta a matsayin shugaban Amurka a 1953, launin ya mamaye banɗakuna: tayil ruwan hoda, baho ruwan hoda, har wurin wanke hannu. Kicin ya cika da firji da murhu masu shuɗi-kore ko rawaya. Aibin wannan hanya shi ne launin a jikin ginin yake, an gasa shi cikin tayil da ƙarfe. Ranar da yayi ya wuce, babu yadda za a yi sai da guduma.

Iyalin Miller ba su son ko ɗaya daga cikin biyun. Suna son sarari da haske irin na sabon salo, suna kuma son gidan da za a ji ɗumin mutane a cikinsa.

Abin da Saarinen ya shimfiɗa

Ginin bene ba shi da shi, shimfiɗe yake a ƙasa, faɗinsa kusan murabba'in mita 635. Rufin shafaffe ne, yana zaune a kan ginshiƙan ƙarfe 16 masu siffar gicciye, an shafe su da fari. Kusurwoyi huɗu na gidan ɗakuna ne rufaffu: sashen iyaye, sashen yara, sashen baƙi da wurin ajiye mota, sai sashen kicin. Abin da ya rage a tsakaninsu shi ne falon, buɗaɗɗen fili wanda ke miƙa hannu zuwa bangon gilashi ta ɓangarori huɗu.

Launin ginin kansa biyu ne kacal. Daga waje, bangon ɗakunan an lulluɓe shi da baƙin dutse mai falle-falle, irin wanda Turawa ke yin allon makaranta da shi, baƙinsa da ɗan shuɗi a ciki. Daga ciki kuma farin dutsen marmara ne. Rufi fari, daɓe mai haske. Mutum yana tahowa ta cikin koren lambu, ya wuce bango mai duhu a ƙarƙashin inuwar rufi, idonsa ya saba da duhun, sai ya faɗa cikin fari. Wanda ya taɓa fitowa daga duhun zaure zuwa tsakar gida da hantsi ya san abin da ido ke ji a wannan daƙiƙa. Duhun waje ne ke ƙara wa farin ciki haske.

Sai dai abin da ya fi komai aiki a gidan ba ya taɓuwa da hannu, wato hasken da ke saukowa daga sama. Saarinen ya tsaga rufin da dogayen tagogin sama waɗanda ke bin layin ginshiƙai, suna gittawa da juna daidai kan kowane ginshiƙi, wasu kuma suna bin gefen bango. Gilashinsu ba garau yake ba, yana tace rana ya watsa ta. A cikin tsagar aka ɓoye fitilu, don haka da dare ma daga wuri ɗaya hasken ke fitowa. Amfanin wannan ga launi babba ne. Hasken da ke shigowa ta taga ɗaya a gefe yakan wanke abin da ke kusa da taga har ya yi fari-fari, ya bar ƙuryar ɗaki cikin duhu inda ja da ruwan ƙasa ke zama abu ɗaya. Hasken da ya sauko daga sama a watse ba ya yin inuwa mai kaifi, ba ya ƙyalli a ido, kuma ja yana fitowa a jansa ko a tsakiyar gida, nesa da kowace taga. Da babu waɗannan tagogi, duk yadin da Girard zai zuba a tsakiyar falon da ya mutu.

Abin da Girard ya zuba a kai

Girard mutum ne da ba a raba shi da launi. An haife shi a New York a 1907, ya tashi a birnin Florence na Italiya. Daga 1952 shi ke jagorantar sashen yadi na kamfanin kayan ɗaki na Herman Miller. Sunan ne kawai ya zo ɗaya, kamfanin ba shi da dangantaka da mai wannan gida. A lokacin da yawancin kayan ofis da na falo ke zuwa cikin ruwan toka da ruwan ƙasa, shi ya riƙa haɗa ja da ruwan hoda da ruwan goro a yadi ɗaya, haɗin da mutane da yawa a can ke gani kamar ƙauyanci. A kasuwannin Meziko da masaƙun Indiya ya koyi abin. A 1953 ya koma Santa Fe da zama, a 1955 kuma ya tsara baje kolin yadudduka da kayan adon Indiya a gidan adana fasahar zamani na New York. Yana tsakiyar wannan ne yake aikin gidan Miller, kuma ana ganin alamar hakan a ko'ina.

Babban abin da ya fi shahara a gidan shi ne ramin hira. Maimakon a jera kujeru a falo, sai aka haƙa daɓen ƙasa, aka yi rami murabba'i mai 'yan matakala, aka zagaye cikinsa da dogon kushin, aka zuba matasai iri-iri a kai. Saarinen ya daɗe yana kukan yadda ƙafafun tebur da na kujeru ke cunkushe ɗaki, wanda ya kai shi ga ƙera kujerarsa mai ƙafa ɗaya wadda kamfanin Knoll ya fitar a daidai waɗannan shekaru. Ramin ya magance wannan kuka ta wata hanya: wanda ya tsaya a bakin ƙofa yana ganin falon daga bango zuwa bango, har lambun da ke bayan gilashi, babu bayan kujera da ya tare masa ido.

Ta fuskar launi kuwa, ramin kamar akushi ne da aka ajiye a kan farin faifai. Duk ƙarfin launin falon an tara shi a ciki, ƙasa da gwiwar mai tsayuwa. Wannan ya haifar da ɗaki mai fuska biyu. Idan kana tsaye, fari ya fi yawa a idonka, ja ɗin tabo ne a ƙasa, ɗakin yana da natsuwa da girma irin na wurin karɓar manyan baƙi. Da ka sauka matakala ka zauna, sai lissafin ya juye. Ja ya kewaye ka ta baya da gefe, farin ya koma sama ya zama kamar sararin samaniya, muryoyi su yi ƙasa, hira ta zama ta kusa. Launin bai canja ba, yawan wurin da ya ci a idonka ne ya canja. A ganina babu wani darasi a gidan da ya kai wannan: tambayar ba ta tsaya ga wane launi ba, har da nawa ne daga cikinsa, kuma daga ina ake kallonsa.

Akwai ƙaramin abu da ke nuna iyakar kulawar da aka yi. Kusa da ramin akwai babban fiyano, domin gidan na masu son kiɗa ne, mai gidan kansa yana goga goge irin na Turawa. Wanda ke zaune cikin rami idan ya ɗaga kai, cikin fiyanon yake gani ta ƙasa, katako tsirara wanda maƙerinsa bai taɓa zaton wani zai kalla ba. Sai aka shafe ƙasan da jan fenti.

Dalilin sauya matasai da juyawar shekara yana bayan gilashi. Bangon gilashi ya mai da lambun Kiley wani ɓangare na ɗakin, so ko ƙi. A hunturu abin da ke shigowa ta nan fari ne da toka da baƙin rassan bishiyoyin da suka zubar da ganye, haske mai sanyi a kan marmara mai sanyi. A wannan hali ja mai cizawa shi ne garwashin ɗakin, yana taya murhun jin ɗumi mai siffar ganga da ke rataye kusa da shi. A lokacin zafi kuwa kore shar ne ke kwararowa ta kowane gefe, daga ciyawa, daga shingen bishiyoyi, daga dogon layin bishiyoyin da Kiley ya dasa a yammacin gidan don su tare rana. Ja da kore idan suka yi ƙarfi tare kowanne yana ƙara wa ɗan'uwansa kaifi, ido ba ya hutawa. Sai jan ya ja da baya, a bar wa lambu fage. Wato mai zanen cikin gida ya yarda cewa rabin shekara wani ne zai yi magana.

Abu na biyu shi ne bangon ajiya, tsawonsa ƙafa 50, kimanin mita 15. Kanta ce daga wannan ƙarshe zuwa wancan, ta katako mai duhu da gilashi, wani wuri a buɗe wani wuri da ƙofa. A bayan ƙofofin aka ɓoye talabijin da kayan sauti da sauran tarkacen da ba su da kyan gani. A buɗaɗɗun gurabun aka jera littattafai da sassaƙe-sassaƙe da 'yan tsana da kayan hannu na ƙasashe daban-daban, kowane gurbi da irin launin da aka liƙa masa a baya. Idan ramin launi ne dunƙule wuri ɗaya, bangon launi ne a barbaje, ɗigo-ɗigo, wanda ido ke bi kamar mai karanta layi. Duhun katakon kuma shi ke riƙe ɗakin. Fari da ja kaɗai da sun yi tsiri-tsiri, amma ruwan ƙasa mai duhu ya ba su gindin zama. Duk wanda ya ga jeren kwanoni da tasoshi a ɗakin amarya na da zai gane tunanin nan take: bangon ba shi ne ado ba, abin da aka jera a jikinsa ne, kuma mai ɗakin tana iya ƙarawa ko ragewa.

Sauran ɗakunan kowanne da muryarsa, amma ba za su ɗauke mu lokaci ba. A wurin cin abinci akwai zagayayyen teburin marmara mai ƙafa ɗaya, da ɗan maɓuɓɓugar ruwa a tsakiyarsa, kewaye da fararen kujerun Saarinen. Launin yana kan kushin ɗin kujerun da kafet ɗin da ke ƙasa. Girard ya zana adon kushin, Xenia da ƙawayenta suka ɗinka da allura, da haruffan sunayen 'yan gidan a jiki. A ɗakin kallon talabijin ya zana kafet cike da alamomin tarihin iyalin, har da harafin Y na jami'ar Yale inda mai gidan ya yi karatu. A nan launi ya tashi daga gyaran yanayi ya zama abin tunawa, irin wanda baƙo zai gani a matsayin ado, ɗan gida kuma ya karanta shi.

Kada a manta da fuskar kaya, domin launi ɗaya a kan abu biyu ba ɗaya ba ne. Marmara santsi gare shi, yana mayar da haske. Ulu yana shanye shi. Siliki yana yin walƙiya idan aka motsa shi. Matasan ramin ba ja guda ba ne, jajaye ne da yawa, wani ya karkata zuwa ruwan goro, wani zuwa ruwan hoda, wani zuwa ruwan hanta, wasu da zane wasu babu. Da an yi su duka da yadi ɗaya da ramin ya zama kamar kujerun silima. Bambancin da ke tsakaninsu ne ya sa idon ke yawo a ciki ba ya gajiya.

Abin da ya biyo baya

Hanyar ta yi aiki, kuma shaidar ita ce tsawon zaman. Iyalin sun rayu a gidan shekara 50 ba su rushe tsarinsa ba. Yayin kore mai duhu da ruwan zuma ya zo wa kicin ɗin Amurka a ƙarshen shekarun 1960, ya wuce. Yayin ramin hira kansa ya bazu, ya zama abin dariya, mutane suka riƙa cike nasu da siminti. Gidan Miller bai tsufa irin wannan tsufa ba, saboda abin da yayi ke iya kamawa a cikinsa duk mai cirewa ne. Girard ya ci gaba da ba su shawara shekaru da dama bayan sun tare, ana sabunta labule da kafet, Xenia kuma tana ƙara abin da ta sayo tana sauya jeri. A 2000 gwamnatin Amurka ta sa gidan cikin wuraren tarihi na ƙasa, masu shi suna ciki da ransu.

Amma a faɗi gaskiya, tsari ne na mai hali. Farin marmara ba ya ɓoye datti, kuma buɗaɗɗen falo ba ya ɓoye tarkace. Kafin fari ya zauna fari a gidan yara biyar sai da masu aiki. Kafin a sauya matasai sai an mallaki kashi biyu da wurin ajiye wanda ba a amfani da shi. Kafin bangon ajiya ya yi kyau sai da wanda ya iya jeri, ya kuma san lokacin da zai ce ya isa. Da yawa daga masu kwaikwayon salon a yau sukan ɗauki rabi su bar rabi. Wasu su yi farin ɗaki su sa kujera mai siririyar ƙafa, su tsaya nan, ɗakin ya fito ba rai. Wasu su ɗauko ruwan goro da shuɗi-kore su shafa a bango huɗu da sunan tsakiyar ƙarni, ba su tanadi farin da launin zai huta a kai ba, ba su kuma tambayi ta ina haske ke shigowa ba.

Akwai kuma tambayar da ba a cika yi a lokacin ba. Kayan hannun da suka ba gidan ɗuminsa aikin masaƙa ne da masassaƙa na ƙauyukan ƙasashe masu nisa, waɗanda ba a rubuta sunayensu a mujallun da suka yaba gidan ba. Girard ya ƙaunaci wannan aiki da gaske, ya tara fiye da guda 100,000 ya ba gidan adana fasahar gargajiya na Santa Fe kyauta a 1978. Duk da haka yabo ya tafi ga wanda ya jera, ba ga wanda ya saƙa ba.

Hanyar da aka bi tana da wani rauni wanda sai daga baya ya bayyana. Abin da ake iya cirewa ana iya tafiya da shi. Saarinen ya rasu a 1961, Girard a 1993, Irwin Miller a 2004, Xenia a 2008. A shekarar da ta rasu aka kai zane-zanen da ke rataye a gidan kasuwar gwanjo ta Christie's a Landan. Ɗaya daga cikinsu, zanen tafkin furannin ruwa na Claude Monet, an sayar da shi fam miliyan 40.9. Mutum-mutumin da Henry Moore ya ƙera, wanda ke tsaye a ƙarshen layin bishiyoyin lambu shi ma ya tafi. Waɗannan zane-zane suna cikin lissafin launin falon, shuɗi da kore da shunayya a kan farin marmara, kuma da aka sauke su bangon ya koma fari kawai.

A 2009 iyalin suka miƙa gidan ga gidan adana fasaha na Indianapolis, tare da mafi yawan kayan ɗakin, aka buɗe shi ga masu ziyara a 2011. Masu kula da shi sun gaji aiki mai wuya, domin hasken nan na sama da ke fito da launi shi ne kuma ke cin sa sannu a hankali, yadi yana koɗewa, kuma ba kowane ne ake samun madadinsa ba. Masu ziyara suna tsayawa a bakin ramin su leƙa, ba a barinsu su sauka su zauna, don haka fuskar ɗakin ta mai tsayuwa kaɗai suke gani. Jan da ke ƙarƙashin fiyano yana nan, sai wanda ya sunkuya zai gan shi.